Babi na Bakwai: Daga Asuba Zuwa Almuru a Dajin Wiskonsin

Kowace shekara, ranar Asabar ɗin da ke gabanin Bikin Godiya na Amurka, wadda kan faɗo tsakanin 17 da 23 ga Nuwamba, jihar Wiskonsin takan buɗe farautar barewa da bindiga. Kwana tara ake yi, a rufe ranar Lahadi. Mutum sama da rabin miliyan ne ke yankar lasisi dominta, kuma a shekarun baya-bayan nan barewar da ake kashewa cikin kwanakin taran kan kai tsakanin 170,000 da 200,000, wata shekarar ma ta ɗan ɗara. Doka ta yanka wa kowa lokacinsa: ba a harbi sai saura minti 30 rana ta fito, kuma da rana ta yi minti 20 da faɗuwa sai a cire harsashi. A birnin Madison, a irin waɗannan kwanaki, rana kan fito wajen ƙarfe 7:00 na safe ta faɗi kafin 4:30 na yamma. Idan aka lissafa, abin da maharbi yake da shi a yini bai wuce awa goma da ɗan ɗoriya ba.

Kaɗan ne ke cinye awa goman nan a daji. Abin da aka saba shi ne mutum ya raba yininsa biyu. Ya shiga tun da duhu, ya zauna awa uku ko huɗu, ya sauko da walaha ya koma sansani ko mota, ya ci abinci ya ji ɗumi, sannan ya sake komawa bayan azahar ya zauna har almuru. Wani zaman safe kaɗai yake yi ya wuce wurin aiki. Wani kuma sai ya tashi daga aiki yake zuwa ya tari awa biyun ƙarshe. Akwai kuma 'yan tsiraru da kan hau bishiya tun kafin gari ya waye, ba su sake taka ƙasa ba sai duhu ya rufa. Tsakanin waɗannan mutane akwai gardama da ba ta ƙarewa a kan wanda ya fi dacewa da hanya. Abin da nake gani shi ne, ba maharbi ne ke tsara wa kansa lokaci ba. Cikin dabba da hancinta ne ke tsara masa, kuma yayin da yake nazarin lokutanta, ita ma tana nazarin nasa.

Iyakar da doka ta sa tana da tarihi. Zuwa wajen 1900, barewa mai farin wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka. Ana ƙiyasin cewa abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba a duk faɗin ƙasar, saboda sare dazuzzuka da kuma farautar kasuwa, inda ake kashe dabbobi ba ƙidaya ana lodin namansu da fatunsu a jiragen ƙasa zuwa birane. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka fi yi musu ɓarna ita ce farautar dare da fitila. Idan haske ya bugi idon barewa cikin duhu sai ta daskare wuri guda, a harbe ta ba tare da ta motsa ba. Dokar Lacey ta 1900 ta hana tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, jihohi kuma suka yi ta kafa nasu dokokin na lokaci da adadi. Yau ana ƙiyasin barewar ta kai miliyan talatin. Haramcin harbin dare bai tsaya kan kare dabba kaɗai ba, har da ran mutum. Inda dubban mutane suka bazu cikin daji ɗaya da bindigogi, wajibi ne kowa ya ga abin da yake auna da abin da ke bayansa. Shi ya sa ma a Wiskonsin dole rabin tufafin da ke saman ƙugun maharbi su kasance ruwan lemo mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli da aka halatta a 2016. Idon barewa ba ya rarrabe waɗannan launuka yadda na mutum ke yi, amma ɗan'uwanka maharbi zai hango ka daga nesa.

Sai dai yinin maharbi ba ya farawa da lokacin doka. Wanda yake son ya kasance a shirye da ƙarfe 6:30, ƙarfe 4:00 za ta same shi a farke. Zai ci abu mai nauyi, ya ɗauki bindiga da jaka, ya tuƙa mota zuwa bakin daji, sannan ya taka da ƙafa cikin duhu da 'yar tocila a goshi. Mafi yawan mafarautan wannan yanki bago suke yi, wato su hau bishiya su zauna kan wani ɗan dandamalin ƙarfe da aka ɗaure a jikinta, tsayin mita biyar ko shida daga ƙasa, su jira dabba ta zo wucewa. Ƙwararru kan so su gama hawa su natsu tun saura rabin awa ko awa guda a fara harbi. Dalilin shi ne duk iya takatsantsan ɗin mutum, shigarsa daji tana tayar da hankalin dajin: busasshen ganye ya yi ƙara, ƙirare su karye, ƙarfe ya bugi ƙarfe wajen hawa. Ana bukatar lokaci kafin komai ya lafa. Haka kuma ba sa sa dukan rigunan sanyinsu yayin tafiya. A jaka suke ɗauko su, don wanda ya yi gumi a hanya ya zauna cikin sanyin asuba da jiƙaƙƙiyar riga ba zai kai hantsi a kan bishiya ba.

Me ya sa asuba da almuru? Amsar tana cikin tumbin dabbar. Barewa mai tuƙa ce, cikinta ɗaki huɗu ne kamar na akuya. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda akuya ke cika ciki da sauri, sannan ta nemi inuwa ta kwanta tana tuƙa da hantsi. Haka barewa take, sai dai ita tana yi ne da tsoro a ranta. Fili ne wurin abinci: gonar masara da aka girbe, gonar waken suya, ciyawar kiwo, ko gindin manyan bishiyoyin da ke zubar da 'ya'ya a kaka. Fili kuma shi ne wurin haɗari. Don haka takan fito da yamma lis, ta ci da sauri ba tare da taunawa sosai ba, ta yi ta ci tana hutawa cikin dare, sannan da gari ya fara haske ta kama hanyar komawa cikin sarƙaƙiya ko fadama inda za ta kwanta ta dawo da abin da ta haɗiya ta tattauna shi a natse. Idonta an yi shi ne domin ɗan hasken nan na tsakanin dare da rana. Akwai wani shimfiɗi a bayan ƙwayar idon da ke mayar da haske, shi ne ke sa idonta ƙyalli idan fitilar mota ta haske ta.

To maharbi ba a wurin cin yake yawan samunta ba, ba kuma a wurin kwanciya ba. A kan hanyar da ke tsakani yake tare ta, kuma sau biyu rak take bin hanyar da sauran haske. Da safe yakan zauna kusa da makwanci ya jira masu dawowa. Da yamma ya matsa kusa da gona ya jira masu fitowa. Zaman safe ya fi tsawo domin dawowar ba a lokaci ɗaya ake yin ta ba, wata barewar takan yi ta kiwo a hanya har rana ta ɗaga. Zaman yamma kuwa dukan nauyinsa yana kan rabin awar ƙarshe. Mutum zai iya zama tun ƙarfe 1:30 bai ga ko gilmawa ba, sai ana saura minti goma lokaci ya cika ya ga kunnuwa sun bayyana a bakin gona. Wannan ne ya sa masu zaman yamma ba sa saukowa da wuri ko da ƙafafunsu sun sandare.

Ga kuma iska, wadda ita ce ke yanke hukunci a kan komai. Hancin barewa ya fi idonta da kunnenta aiki nesa ba kusa ba. Idan iska ta kwashi warin mutum ta kai mata, magana ta ƙare, ko da yana sama ko yana ƙasa. A wurare masu tudu da kwari iskar tana da nata lokutan. Da safe, idan rana ta fara ɗumama ƙasa, iska kan tashi sama ta bi gangare ta hau tudu. Da yamma, idan ƙasa ta fara hucewa, sai ta yi nauyi ta gangaro kwari. Bishiyar da ta dace da zaman ƙarfe 8:00 na safe tana iya zama mafi muni da ƙarfe 4:00 na yamma, domin a lokacin warin maharbi yana malala ne kai tsaye zuwa inda dabbobin za su ɓullo. Maharbin da ya san aikinsa, idan ya ji iska ta juya ta fara bugun ƙeyarsa zuwa makwancin barewa, saukowa yake yi ko da bai yi awa guda da hawa ba. Ya gwammace ya yi asarar yinin a kan ya ɓata wurin gaba ɗaya.

Abin da ke sauko da yawancin mutane da walaha kuwa ba dabara ba ce, sanyi ne. A arewacin Wiskonsin, kusa da tabkin Superior, ba abin mamaki ba ne asubahin ƙarshen Nuwamba ta zo da sanyi digiri goma ƙasa da sifili, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Mai tafiya jikinsa na samar da zafi. Mai bago kuwa aikinsa shi ne kada ya motsa. Jini kan janye daga yatsun hannu da na ƙafa ya koma tsare gabobin ciki, dandamalin ƙarfen da yake takawa yana zuƙe ɗumin tafin ƙafarsa, iskar saman bishiya kuma ta fi ta ƙasa kaifi. Bayan awa uku sai karkarwa ta fara, mai karkarwa kuwa ba ya iya saita bindiga. Ga yunwa, ga fitsari, ga gajiyar ido da ya yi ta kallon itatuwa iri ɗaya. Da ƙarfe 9:30 ko 10:00 za ka fara ganin riguna ruwan lemo suna fitowa ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin hanya.

Bai kamata a raina waɗannan masu saukowa ba. Ga dubban iyalai a Wiskonsin da Mishigan da Minesota, sansanin farauta shi ne wurin haɗuwar zuriya na shekara: kaka da ɗa da jika a 'yar bukkar katako ɗaya, ana dafa abinci a murhu, ana ba da labarin ƙahonin da aka gani shekarun baya. Kafin a buɗe gadar Mackinac a Nuwamban 1957, mafarautan Mishigan masu son tsallakawa zuwa yankin arewa kan yi layin motoci na awoyi masu yawa suna jiran jirgin fito, kuma ba naman kaɗai ne ya kai su wannan wahala ba. Har yau akwai makarantun karkara a Mishigan da kan rufe ranar 15 ga Nuwamba, ranar buɗe farauta. Awa ukun tsakar rana da ake yi a gaban murhu, ga mutane da yawa, su ne zuciyar tafiyar.

Amma barewa tana lura. A farkon shekarun 2000, masu bincike na Jami'ar Jihar Fensilbeniya sun bi sawun mafarauta a dajin gwamnati na Sproul, suka ba wasu na'urar da ke nuna inda mutum yake ta tauraron ɗan'adam, suka kuma ƙirga su daga jirgin sama. Sun gano cewa mafi yawansu ba sa yin nisan da ya wuce rabin kilomita daga hanyar mota, kuma suna kauce wa gangare mai tsauri. Daga 2013 jami'ar ta shiga wani dogon bincike tare da hukumomin daji da namun daji na jihar, inda aka rataya wa barewa irin wannan na'ura a wuya, tana aiko da wurin da suke kowane minti 20 a lokacin farautar bindiga. Abin da taswirorin suka nuna ya tabbatar da abin da tsofaffin maharba suka daɗe suna faɗi. Da zarar ƙarar bindiga ta fara, dabbobin ba sa barin yankinsu su yi nisa. Kowace tana da maɓoya, sau da yawa a saman gangare mai wuyar hawa inda take hango abin da ke tafe ta gaba tana sansano abin da ke tafe ta baya. Tana shiga can kafin gari ya waye, ta taƙaita yawonta na rana, sai dare ta fito harkarta. Uwar da ta tsallake farauta uku ko huɗu tana tafe da 'ya'yanta a bayanta, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daga nan ne hujjar masu yini a bishiya ta samo asali, kuma a ganina hujja ce mai ƙarfi a kwanaki biyun farko. Kusan rabin duk barewar da ake kashewa a kwana taran Wiskonsin ana kashe ta ne a Asabar da Lahadin farko, lokacin da daji ke cike da mutane kuma dabbobin ba su gama gane abin da ake ciki ba. A waɗannan ranaku, motsin mutane shi ne ke motsa dabbobi. Da ƙarfe 10:00 ɗaruruwan mutane na saukowa suna takawa zuwa motocinsu, kowannensu yana iya tayar da barewar da ta kwanta. Da ƙarfe 1:00 ko 2:00 suna komawa, su sake tayar da ita. Wanda ya daure ya zauna a kan wata 'yar hanya da ke shiga sarƙaƙiya, sauran mafarauta ne ke koro masa nama ba tare da sun sani ba. Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Wasu iyalai ma da gangan suke yin korar da tsakar rana: a jera wasu su ratsa kurmi a hankali, wasu su tsaya a ɗaya ɓangaren suna jira. Wannan tsohuwar al'ada ce a Wiskonsin, tana kuma bukatar tsari sosai, domin a nan ne mutum ke iya samun kansa a gaban bakin bindigar ɗan'uwansa.

Lokaci na biyu da yini a bishiya ke biyan bukata shi ne lokacin barbara. Gajartar yini ce ke tayar da shi, ba sanyi ba, shi ya sa kusan lokaci ɗaya yake zuwa kowace shekara. A jihohin arewa yakan yi ƙarfi a makonni biyun farko na Nuwamba, ta yadda bayan kwana 200 na ciki za a haifi 'ya'ya a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sa'ad da ciyawa ta tsiro. Tamata ba ta karɓar namiji sai na kusan kwana guda. Idan ba ta samu ba sai bayan kimanin kwana 28. Saboda haka namiji, wanda duk shekara ya fi kowa wayo da ɓuya, sai ya watsar da tsarinsa. Ya rage ci, ya rage barci, ya yi ta zagaya makwantan mata yana sansane, safe da rana da dare, har yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. A watan ne motoci suka fi buge barewa a titunan Amurka. A irin waɗannan kwanaki babban namiji mai ƙaho da rassa na iya ratsowa da ƙarfe 11:00 ko 12:30, rana tsaka. A Wiskonsin masu baka da kibiya ne suka fi cin moriyar wannan, domin nasu lokacin yana buɗe tun tsakiyar Satumba har farkon Janairu, kuma yawancinsu kan ajiye hutun aikinsu sai makon farko na Nuwamba.

A wajen waɗannan lokuta biyu, dogon zama ba shi da wata riba sosai. A Satumba, da sauran zafi da ganye a itatuwa, barewa tana bin tsarin ci da kwanciya sau da ƙafa. Ƙwararren mai baka kan bar zaman safe gaba ɗaya, don shigarsa da asuba tana iya karo da dabbobin da ke dawowa daga gona, ya zauna awa uku kawai kafin faɗuwar rana. A Disamba, bayan an sha ƙarar bindiga kuma sanyi ya tsananta, yunwa ce ke fito da su, kuma da yamma take fito da su. Haka kuma duk zaman da mutum ya yi a bishiya ɗaya yana barin wari a hanyar shiga da gindin bishiyar. Maharba da yawa sun yarda cewa zaman farko a sabon wuri ya fi kowane zama albarka, daga nan sai abin ya yi ta raguwa. Wanda ya yini kwana biyar a jere a wuri guda, koya wa dabbobin inda yake kawai ya yi.

Ina da damuwa da yadda mujallun farauta da masu sayar da kaya suka mayar da yini a bishiya tamkar gwajin jarumta. Zama na awa goma sha ɗaya a kan dandamalin da bai fi faɗin tabarmar sallah ba abu ne mai cin jiki da hankali. Wanda ya tashi ƙarfe 4:00, da azahar gyangyaɗi zai kama shi, ga shi mita shida a sama. A jihohi da dama faɗowa daga bishiya ta fi harbin kuskure jikkata mafarauta, kuma raunukan ba ƙanana ba ne: karayar ƙashin baya, ta ƙugu, shanyewar ƙafafu har abada. Mafi yawan faɗuwar tana aukuwa ne wajen hawa ko saukowa, lokacin da duhu ne, hannaye sun daskare, jiki ya gaji. Ɗamarar tsaro da ake ɗaurawa a jiki a haɗa da igiya tun daga ƙasa har sama tana hana wannan, amma har yanzu akwai masu barinta a mota. Sannan gajiyayyen mutum da ya yini bai ga komai ba shi ne ya fi saurin sakin harsashi a kan dabbar da ke nesa, ko mai gudu, ko wadda reshe ya kare rabinta. Awa huɗu na mutumin da idonsa ke buɗe sun fi awa goma na wanda rabinsa ke barci.

Ba ko'ina ake auna yinin haka ba. A Jamus maharbi kan hau ɗan ɗakin katako mai dogayen ƙafafu a bakin daji ya zauna awa biyu ko uku da asuba ko da yamma, kuma dokar tarayya ta ba shi har awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana da bayan faɗuwarta. Aladen daji kuwa an yarda a harbe su da dare. A tsaunukan Sikotilan kuwa, inda ake bin jar barewa a fili fetal babu bishiya, sai bayan karin kumallo ake fita, a yini ana hawan tsauni da rarrafe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa a bayan jagora, wani lokaci a sauko da gawar a bayan doki da yamma. A can ƙarfin ƙafa ne ke yanke tsawon yinin.

Akwai wasu awoyi da ba kasafai ake sa su a lissafi ba, su ne waɗanda ke biyo bayan harbi. Barewar da aka harba ba kullum take faɗuwa nan take ba. Ko da harsashi ko kibiya ta ratsa huhu biyu, tana iya gudun mita hamsin ko ɗari kafin ta faɗi. Ƙa'idar da ake koyarwa a azuzuwan horar da mafarauta ita ce mutum ya zauna inda yake aƙalla rabin awa, ya riƙe a ransa inda dabbar take tsaye da inda ya gan ta ƙarshe. Sannan ya sauko ya karanta jinin. Mai haske da kumfa na huhu ne, dabbar ba ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne, sai a ba ta awa uku ko huɗu. Idan kuwa aka ga kore-kore da ɗoyi, harbin ya sami tumbi ko hanji, kuma nan ne ake gane maharbin kirki. Irin wannan dabba, idan aka ƙyale ta, takan kwanta ba da nisa ba ta mutu a wurin. Idan aka bi ta da gaggawa sai ta miƙe ta yi tafiyar kilomita ba ta zubar da jinin da za a bi, ta mutu a wahale inda ba wanda zai same ta. Sauri ya haifi nawa. Ana bukatar jira na awa takwas zuwa goma sha biyu, ko da hakan na nufin kwana ba barci da komawa da asuba.

Bayan an same ta kuma sai farke ciki a fitar da kayan ciki nan take domin naman ya huce, sannan a ja gawar zuwa hanya. Babban namiji a arewa yana iya kai kilo 90 ko fiye bayan an cire kayan cikin, kuma jan sa ta kan gangare da faɗaɗɗun itatuwa na iya cin awa biyu. Likitocin asibitin Beaumont da ke Mishigan sun taɓa manna wa maza 25 masu matsakaitan shekaru na'urar auna bugun zuciya suka bar su suka tafi farauta, aka buga sakamakon a 2007. Da damansu bugun zuciyarsu a daji ya zarce iyakar abin da aka gani lokacin da aka gwada su a kan injin gudu a asibiti, musamman wajen jan gawa da hawan tudu. Mutumin da duk shekara yake zaune a ofis, ya yini cikin sanyi, sannan ya kama igiya shi kaɗai cikin duhu, yana sa zuciyarsa aikin da ba ta saba ba.

Shi ya sa harbin minti goman ƙarshe yake bukatar tunani fiye da kowane. Doka ta halatta shi, dabbobin ma a lokacin suka fi fitowa, amma duk abin da zai biyo baya cikin duhu za a yi shi. Kafin ya taɓa kunamar bindiga, maharbi ya kamata ya san ko ana sa ran ruwa ko dusar ƙanƙara da za su shafe jinin cikin dare, ko akwai kyarketai da dilolin daji a yankin da za su riga shi isa ga gawar, ko yana da izinin shiga gonar maƙwabci idan dabbar ta tsallaka iyaka, ko akwai wanda zai kira ya taya shi ja, da kuma ko gobe yana da lokacin dawowa. Idan komai ya tafi daidai, wanda ya harba da ƙarfe 4:40 zai iya isa sansani da namansa wajen ƙarfe 8:00 na dare, awa goma sha shida ke nan da tashinsa. Sauran abin da ya rage masa shi ne ya rataye gawar a wuri mai sanyi, ya kuma yi wa hukumar jihar rajistarta ta waya ko ta intanet, kamar yadda ake yi tun 2015, kafin ƙarfe 5:00 na yammacin washegari.